Shuɗin Layin Kawu

Shekara talatin kawuna ya yi a ofishin safiyo yana zana taswirar tsaunukan da ake kiwon shanu, ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taka wurin ba. Hotunan da aka ɗauko daga jirgin sama ake zube masa a tebur, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya fitar da tudu da kwari da 'yan layuka zagaye-zagaye kamar yankakkiyar albasa. Iyakar tudun da ya taɓa hawa matakalar ofis ce, ita ma sai ya huta sau biyu. Abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Dawa, ya ɗauka yabo ne.

A ƙa'idar aikinsu, rafin da ba ya ƙafewa shuɗin layi ake ja masa ɗoɗar, mai ƙafewa da rani kuwa a yi masa a tsittsinke. Kawu ya ce tsittsinken layi ƙazanta ce. Duk inda ya gan shi sai ya haɗe.

Da ya yi ritaya ya sayi shanu tara, ya dangwala yatsa a taswirarsa, aka kafa masa shinge a bakin wani kyakkyawan shuɗin layi. Inna, matarsa, ta ce ya tambayi mutanen wurin.

"In tambayi wa? Ni fa na zana wurin."

Rani na tsananta, tsohon makiyayin da ya ɗauka ya aiko cewa rafi ya koma yashi, shanu sun fara kwanciya. Na raka Kawu. Ya shimfiɗa taswira a kan dutse yana haki.

"Baba, duba nan. Ga ruwa."

Tsohon ya daɗe yana dubawa.

"Akwai ruwa kam, Malam. In kira su su lasa?"

Sannan ya nuna wani tudu da sandarsa.

"Akwai rijiya bayan wancan tudun, tafiyar yini guda. Ko mu tashi yau, ko jibi mu fara fiɗa."

Kawu ya bi takardar da yatsa. "Ba ta cikin taswira."

"Ba a gaya mata ba ne."

Muka tashi. Takwas suka kai rijiyar.

Da muka dawo gida ya ɗauki reza yana kankare shuɗin layin, gaɓa-gaɓa. Inna ta leƙo.

"Sannu da aiki, Sarkin Dawa. Rafi nawa suka rage?"

Ya kalli tarin taswirorin da ke kan kabad, ya ce ta kawo masa wata rezar.