Gashin da nake ɗinka wa mutane

Jiya ina tsaka da ɗinka wa kwastoma gashi a shagona a unguwar Morrisania ta New York, sai ga maƙwabciyata Kamala, 'yar Indiya, ta shigo fakewa ruwa. Mayafinta ya zame, na ga kai a aske ƙwal. Gabana ya faɗi, na ɗauka ciwon daji ne.

"Anti, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, gida na je. Da za a yi wa ɗana aikin zuciya na yi bakance, in ya tashi zan hau dutsen wurin bautarmu ba takalmi, in ba da gashina."

Wai a labarinsu, abin bautarsu ne ya ji ciwo a ka, wata mata ta yanke gashinta ta rufe masa wurin. Daga nan ya zama al'ada.

Ta shafa ƙullin gashin da ke hannuna. "Irin wannan, da yawa daga can yake zuwa."

Ni Musulma ce, hanyarmu daban. Amma na daɗe ina cusa gashin nan a durowa kamar tsumma, ban taɓa kawowa raina daga kan wata uwa aka sauke shi ba.

Masu sa gashin Indiya, kun taɓa tambayar na wa ne?