Motar Da Ba Ta Shan Mai

Gidanmu a Zaitawa yana can ƙuryar wani lungu da ko amalanke sai an karkata ta take shiga. Tun maigidana Malam yana da rai a bakin titi muke ajiye mota, gindin wata darbejiya, mu ƙarasa gida da ƙafa. Da ya rasu ya bar mini tsohuwar motarsa. Lokacin ina shugabar wata makarantar firamare wajen Ƙofar Dawanau, sai na cije na koyi tuƙi. Mutanen unguwa suka yi surutunsu har suka gaji. Kafin shekara ta zagayo, waɗanda suka fi kowa baki su ne masu leƙowa da safe suna tambayar ko Malama za ta fita yau.

Shekara ashirin da ɗoriya motar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Barka, suna, dubiya, gaisuwar mutuwa, duk a cikinta matan lungunmu suke zuwa. Kuma muna da wata ƙa'ida da babu wadda ta taɓa faɗar ta da baki. Da mun shiga, kowace za ta kwance bakin mayafinta ta miƙo abin da ya sawwaƙa, ta ce, "Malama, a zuba mai." In ce haba, ki bar shi. Ta sake miƙowa, in sake turewa. A na uku sai in karɓa in yi godiya. Sau da yawa abin ba zai sayi ko kwalba ɗaya ba, amma wadda ta ba da nata ta shiga mota da mutuncinta, ba za a ce alfarma aka yi mata ba. Mayar wa mace kuɗin mai a karo na uku kuwa, kamar ka ce mata sauka ne. Kowa ya san haka, ni ma na sani.

A cikinsu duka akwai aminiyata, wadda ba na zuwa ko'ina babu ita. Babarbariya ce, kakanninta suka zo daga Barno da allunansu suka zauna a cikin birni, ita kuma turaren wuta da humra take haɗawa ta sayar. Ni Bafulatana ce ta wajen uwa, don haka tsakaninmu babu gaisuwar arziki. Daga zaure za ta ɗaga murya, "Ina baiwar nan tawa? Fito ki tayar da mota, uwar ɗakinki ta shirya." In ce mata Barebari dai ba su iya komai ba sai cika wa mutane mota da hayaƙi. Ranar da Malam ya rasu ita ta riƙe ni. Da 'ya'yana suka watse, ɗaya Abuja, biyu gidajen mazajensu, ita ce take shigowa ta tarar da ni ina cin abinci ni kaɗai, ta wanke hannu ta zauna ba tare da an ce mata bismilla ba.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, ɗana na Abuja ya zo ya same ni a layin gidan mai, rana ta take, ina fifita da murfin kwali. Bayan wata biyu sai ga wata 'yar farar mota an sauke daga bayan babbar mota a gindin darbejiya, tsohuwar kuma ya sa aka tafi da ita aka sayar. Ya ce, "Umma, kin huta da layi. Wannan lantarki take amfani da shi. Kamar wayarki ce, ki jona ta kawai." Na sa masa albarka har da ƙwallata, don yaron da zuciya ɗaya ya yi. Sai da ya koma na tsaya ina kallon igiyar cajin, ina kallon lungunmu, na ga ashe a birni aka haife shi amma ya manta birni. Igiyar ko gidan farko ba ta kai ba.

Da fari mai gyaran wuta ya jawo mini waya ta kan katangun maƙwabta, gida shida. Kwana uku soket ya narke, wata tsohuwa ta aiko a ce mini ita ba ta shirya gobara ba. Na ba ta gaskiya. Sai wani Alhaji da gidansa ke bakin titi ya ce in riƙa jonawa a wajensa. Mutumin kirki ne, amma mitarsa ta kati ce, motar kuwa ci gare ta kamar gara. Ya ƙi karɓar komai, ni kuma na ga yadda fuskar uwargidansa take canzawa idan ta hango ni da igiya, na janye jikina tun ana ganin juna da mutunci. Duk wannan ma idan an kawo wutar ke nan. A unguwarmu sai a ɗauke ta tun safe, a dawo da ita ana kiran magariba, kafin motar ta ɗan farfaɗo an sake ɗaukewa. Ƙarshenta na sayi janareto, na koma ina bin layin gidan mai da jarka a hannu don in ciyar da motar da aka ce ba ta shan mai. An gudu ba a tsira ba.

Rannan ina tuƙi wata fitila ta kama ƙiftawa a gabana, na kai ta wajen bakaniken da ya yi shekaru yana duba tsohuwar motar. Ya buɗe gaba, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, ya rufe a hankali. Ya ce, "Hajiya, ni fa inji na sani, wannan kuwa ba ta da shi. Sai dai ki gwada masu gyaran waya." Yaransa suka yi ta dariya. Abin da ya lalace bai fi akwatin ashana ba, amma sai da aka aiko da shi daga Legas, motar ta yi mako biyar a gindin bishiya awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Na taɓa tuntuɓar wani dillali a ɓoye ko za a saya. Ya tambaye ni shekarar batir nawa, da nawa ake canza shi, ya ce zai neme ni. Har yau yana nema.

Duk waɗannan da sauƙi, wahala ce ta jiki da aljihu. Abin da ya fi ci mini rai a hankali ya zo. Fitarmu ta farko da mata, za mu suna Goron Dutse, kowace ta kwance mayafi kamar kullum. Ni kuwa ina ta ɗoki, na yi dariya na ce, "Ku mayar, wannan ba ta shan mai." Suka dubi juna, suka ɗaure kuɗinsu. Har muka isa babu mai magana, ga motar ita ma ba ta da ƙara, kana jin numfashin kowa. Daga baya sau biyu ko uku suka zo na ce babu caji. Gaskiya na faɗa, amma mace ta ga mota sabuwa fil a tsaye, an ce mata babu caji, kuma babu abin da za ta iya bayarwa a samu cajin, me za ta ɗauka? Sai na fara hango su a bakin titi su biyar a cushe cikin adaidaita sahu, idan mun haɗa ido su ɗago hannu. Labarin haihuwa ma sai bayan suna nake ji.

Akwai wani wuri can bayan gari, wajen manyan kantuna, da suke da na'urar caji mai sauri. Nan na koma zuwa. In zauna awa biyu, awa uku, cikin samari masu latse-latsen waya, babu mai ce maka sannu. A layin mai aƙalla ana zagin tsada tare, ana miƙo maka ruwa. A nan na ja carbi har ya ishe ni. In dawo gida in buɗe ƙofa, in tarar da tsakar gida yadda na bar ta. Kaɗaici na ji, irin wanda ban ji ba ko lokacin takaba. Aminiyata kaɗai ce ba ta canza ba. Takan ce, "Allah Ya ƙara, wa ya ce Bafulatana ta bar saniya ta hau rediyo?"

Wata Talata cikin bazara, taransifomar unguwa ta ƙone kwana huɗu, janareton kuma yana wajen gyara. Da hantsi na ji sallamarta, sallama sak, babu tsokana. Ta shigo da jaka a hannu, idonta ja. Yayanta da ke zaune a Nguru ya rasu da asuba, shi ne kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Na yi salati, na riƙe ta muka yi kuka. Sai ta share ido ta ce, "Tashi mu tafi."

Na ce, "Wallahi babu caji. Abin da ke ciki ko Gezawa ba zai kai mu ba."

Ta kwance bakin mayafi ta miƙo. Na ce ta bar shi. Ta sake miƙowa, na ture hannunta, hankalina yana can kan batir, ina lissafin hanya. Da ta miƙo na uku, haushin motar da na wutar da na kaina duk suka taso mini lokaci ɗaya, na sauke a kanta. Na ce, "Wai sau nawa zan gaya miki? Ba ta shan mai! Me zan yi da kuɗinki?"

Ta dube ni, ta ɗaure kuɗinta a hankali. Ta ce, "Allah Ya huci zuciyarki. Ni zan wuce tasha." Na bi ta har zaure ina cewa ta jira in je in yi caji in dawo. Ba ta juyo ba.

Na lallaɓa motar zuwa bayan gari, na kashe na'urar sanyi don kada ta mutu a hanya, gumi har cikin idona. Na tarar da motoci biyu a gabana. Ina zaune ina jira na kira ɗana, ya ce, "Umma, kada ki soma. Babu wurin caji a hanyar nan. Ko ta cika, in ta kai ki ba za ta dawo da ke ba." Duk da haka na zauna, don ban san abin da zan yi ba in ba zaman ba. Sai bayan la'asar ta cika. Na kira aminiyata, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na dawo Zaitawa da mota cike da caji, na ajiye ta gindin darbejiya na shiga gida.

Washegari na ce gobe zan bi ta. Na ɓata kwana biyu ina cigiyar ko akwai wanda ya san gidan da zan jona mota a Haɗeja, kan hanyar Nguru. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ina Kano. Na yi mata gaisuwa ta waya, ta ce, "An gode, Malama, Allah Ya ba da lada." Tunda muke ba ta taɓa ce mini Malama ba.

Bayan mako biyu ta dawo. Na dafa abinci na ɗauka da kaina na tafi. Na same ta a tsakar gida tana tsince itacen turare a faranti. Muka gaisa, na yi wa mamaci addu'a, sannan na shiga bayani: taransifoma, janareto, layin caji, abin da ɗana ya ce. Ina so ta san ba ƙi na yi ba. Ta bar ni na kai aya, hannunta bai daina tsinta ba.

Ta ce, "Na san ba ƙarya kike yi ba. Ni ban san kan motarki ba, kuma ba ita ta dame ni ba." Ta ɗago ta dube ni. "Da na je tasha na tarar da mota saura mutum biyu. Na biya kuɗin kujera biyu. Na ce wa ɗan kamasho 'yar'uwata tana tafe, a ɗan jira ta. Na ce a raina yanzu za ta huce, ta ajiye abar nan ta hau adaidaita ta biyo ni. Zumunta ai a ƙafa take."

Wallahi ko sau ɗaya tunanin nan bai zo mini ba. Shekara ashirin na saba ni ce mai kai mutane, har na manta ana iya raka mutum kawai. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Fasinjoji suka yi haƙuri har azahar, don sun ji mutuwa aka yi mini. Daga nan suka fara magana. Wani dattijo ya ce, Hajiya, mai zuwa da ya zo. Ina ta kallon bakin tasha, duk mai farin mayafi sai in ce ke ce. Da direba ya ce zai sauke ni ya mayar mini da kuɗina, sai na ce a tafi. Har Nguru jakata ce a kan kujerarki."

Aka kira sallar la'asar. Ta ajiye farantin, ta ce bari ta yi alwala, ta ɗauki buta ta zagaya. Ta bar ni zaune a kan tabarma, da mukullin mota a hannuna.