Tukunyar Tsohuwar Kan Dutse

Shekarar da nake karatu a Faransa, lokacin sanyi ya same ni ba ni da ɗaki. Mun gama darussa, aikin gwajin da zan fara sai sanyi ya wuce, ɗakin da nake haya kuma mai shi ya karɓi abinsa. Wata ƴar ajinmu ce ta nuna mini wani tsari a salula: ka je ka yi wa mutane aiki ba biya, su kuma su ba ka ci da wurin kwana. Na ce ai wannan gayya ce, mu a ƙauyenmu na kusa da Tama da ita muka tashi. Na rubuta wa wata tsohuwa mai ƙaramin masauki a kan duwatsu, inda Turawa ke zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, ta ce in zo. Na hau mota ina sane da cewa in ta sallame ni kafin sanyi ya fita, ba ni da inda zan aje akwatina.

Dutse ba baƙona ba ne, a Adar aka haife ni. Sai dai namu yana ƙona tafin ƙafa, wannan kuwa fari fat, yana cizon yatsu. Mutane su biya a ɗauke su a kujerun da ke rataye a waya a kai su ƙololuwa, su ɗaura katako biyu a ƙafa su gangaro, su sake komawa sama. Na daɗe ina kallonsu ban gane inda za su ba. Sau ɗaya ɗan tsohuwar, wanda ke ba da hayar katakon, ya ɗaura mini. Da ɗuwawu na iso ƙasa, na cire masa kayansa na ce na gode.

Aikina shi ne in kwashe ƙanƙara da shebur daga ƙofa zuwa titi, in gyara gadajen baƙi, in jera takalman zamiya a ɗakin ɗumi su bushe. Ni da na yi dakon duwatsu a ka tare da innata lokacin da ake jera su a gangare don tare ruwan sama, shebur ba zai ba ni tsoro ba. Abinci ne ya kusa kore ni.

A gidan, mu uku muke ci a tebur ɗaya a kicin: ni, tsohuwa da ɗanta. Ta aje tukunya a tsakiya, kowa ya zuba wa kansa. Ni baƙuwa, ga babba zaune tana kallon fuskata, yaya zan cika kwano? Sai in ɗibi ɗan kaɗan. In na gama ta tambaye ni ko zan ƙara, in ce a'a, na ƙoshi. Ina jiran ta ce haba, ta karɓe kwanon ta zuba mini ko ina so ko ba na so. Sai kawai ta ce to, ta rufe tukunya ta ɗauke. Ina ji ina gani dankali da cuku su koma cikin firji. Raina ya yi ta ɓaci, na riƙa cewa a zuciyata wannan mata ba ta san baƙo ba.

Na kira innata ban gaya mata komai ba, amma ita da kanta ta kawo zancen.

"Mi suka ba ki ki ci can?"

Na ce dankali da miya, lafiya lau.

"To madalla. Ki kama kanki, ɗiyata. Kak ki bari a ce kin zo gidan mutane da ciki."

Na ce to, inna. Na kashe salula cikina yana ƙugi.

Ita kuma tsohuwa nata tunanin daban. Ta ɗauka naman alade nake tsoro, ta daina sayensa gaba ɗaya, har ɗanta yana ƙunƙuni. Ta koma kifi da kaza, ta nuna mini tukunyar da ta ware. Na yi godiya, na ɗibi ɗan kaɗan kamar kullum. Ta sayo shinkafa, ta nemo barkono a can ƙasa cikin gari. Da ta tambaya zan ƙara, na ce na ƙoshi. Abin da ya riƙe ni a kwanakin nan ragowar burodin baƙi ne, da nake ci a tsaye bayan ƙofa in na kwashe kayan karin kumallo.

Sanyi kuwa ba ya raga wa mai yunwa. Wata safiya an kwana ana zuba ƙanƙara, ina tsakiyar buɗe hanya sai jiri ya kwashe ni. Na zauna a cikin ƙanƙarar, shebur a cinya, na kasa tashi. Ɗan tsohuwar ne ya gan ni ya kama ni zuwa ciki.

Da rana tsohuwa ta kira ni kicin, mu biyu kawai. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ranar Asabar ɗanta zai sauke ni tasha. Ta ce ba ta da abin cewa a kan aikina, amma yarjejeniyarmu aiki ne a bakin abinci. Ina yin aikin ba na cin abincin, ke nan cutata take yi, ita kuwa ba ta taɓa cutar kowa a gidan nan ba. Ta gwada duk abin da ta iya dafawa, tunda ba na so, gara in je inda zan iya ci kafin in faɗi a kan dutse.

Na ji tsoro sosai, tsoron ne ma ya buɗe mini baki. Na ce mata girkinta ba shi da laifi. Na ce a garinmu ba a tambayar baƙo ko zai ci. Innata kwano take cikawa ta kai masa ɗaki, ta aje ta fito, don kada ya ji kunya. Ko a gayya haka ne, a kai tuwo da fura bakin gona a bar masu aiki da su. Wanda aka tambaya kuwa dole ya ce ya ƙoshi, mai gida ya san ba gaskiya ba ne.

Ta kalle ni da kyau. Sannan ta ce, wato duk kwanakin nan ƙarya nake mata. Na ce ba ƙarya ba ce, ladabi ne. Ta ce ita a wurinsu in mutum ya ce a'a, ladabi shi ne a ƙyale shi.

"Ni ba na ganin cikin mutum," in ji ta. "Sau ɗaya nake so in ji daga bakinki. Kina jin yunwa?"

Tun da na yi wayo ban taɓa gaya wa babba wannan magana ba, ko innata. Na sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ina ji," na ce.

Ta tashi ta ɗauko babban kwanon da take kwaɓa fulawa, ta cika shi da shinkafa da kaza ta aje gabana. Ta ja kujerarta zuwa taga, ta ba ni baya, ta hau feran dankali. Na ci ina hawaye, ban san ko na kunya ba ne ko na daɗi. Da ta ji cokali yana kankarar gindin kwano, ba ta juyo ba.

"Maganar Asabar a bar ta," in ji ta. "Tukunya tana kan wuta. Ni dutse nake kallo."

Na tashi na ƙara.