Motar da Na Auna Babu Kaya

Ranar da aka kira ni shaida a ofishin sandika, wato ƙungiyar direbobi, na tashar Gaya ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin ina da garaji a bakin hanyar Tanda, gyaran ƙafar mota shi ne abincina.

Wani ɗan kasuwa, Alhaji Hima, yana da mota kat-kat mai buɗaɗɗen baya, tana ɗauko masa shinkafa da busasshen kifi daga Tunuga. Da damina hanyar ba ta biyuwa ga mota mai ƙasa-ƙasa, sai ya ce in ɗaga masa ita. Na ƙara lam a baya, wato ƙarafan da ke riƙe nauyi, na ɗaure gaban shi ma ya tashi. Duk motar da aka ɗaga dole a sake daidaita tayoyinta na gaba, abin da muke kira paralelism. Mu ba mu da inji. Igiya muke ja daga tayar baya zuwa ta gaba, mu auna, mu yi ta juya ƙarfen sitiyari har su miƙe. Na yi hakan a filin garaji, motar ba ko buhu ɗaya a kanta. Haka maigidana ya koya mini, haka kowa yake yi.

Direban motar Seyni ne, mutumin Bengu, magidanci marar yawan magana. Kafin damina ta raba, sababbin tayoyin gaba sun tashi aiki. Gefen ciki ya goge sumul har waya ta fito, gefen waje kuwa haƙoransa na nan. Alhaji ya sayi wasu, su ma haka. Seyni ya zo wurina ya ce in ya yi lodi sitiyari yakan yi masa sakayau, kamar gaban ba ya taka ƙasa. Na ja igiya a gabansa, ta fito daidai. Na ce masa ya rage gudu.

Ana nan sai wani ya raɗa wa Alhaji cewa direbobi na tsallaka iyaka zuwa Malanbil su sayar da sabuwar taya, su ɗaura okaziyo, wato tsohuwa. Alhaji ya kai Seyni ƙara. A tasha, in mai mota da direba suka saɓa a kan gyara, makanikin motar ake kira, kuma abin da ya faɗa shi ke yanke magana.

Shugaban sandika ya tambaye ni ko ƙafar motar tana da matsala. Na ce na auna, ba ta da. Ba ƙarya na yi ba. Amma na san tsohuwar taya ba ta cin gefe ɗaya tak a duka ƙafa biyu. Ba a tambaye ni wannan ba, kuma na san in na ɗauko shi, kan aikina zai sauka. Sai ban ɗauko shi ba.

Seyni ya dube ni ya ce, "Malam Idi, ka taɓa ganin motar nan da kaya?"

Alhaji ya ce ba surutu ya kawo mu ba. Seyni ya ajiye makulli a kan tebur ya fita. A sana'ar nan, direban da aka ce yana da dogon hannu, daga Gaya har Dosso ba mai ba shi mota.

Aka ɗauki sabon direba, tayoyi suka ci gaba da ƙarewa. Wata ranar kasuwa ina tsaye bakin hanya sai ga motar da lodinta, baya ya zauna, hanci ya ɗaga sama, tayoyin gaba sun tale kamar ƙafar agwagwa, a kan gefen ciki kaɗai suke tafiya. Na tsayar da ita, na ja igiya da kayan a kai. Abin da ta kauce ko makaho zai ji shi da hannu.

Na faɗa wa Alhaji. Ya ce in gyara kawai, yanzu yana da direba. Na nemi Seyni, na same shi bakin gada yana tura kura da buhunan wasu. Ya saurare ni har na gama, bai saki kurar ba.

Ya ce, "A tasha aka faɗa, Malam. Can za ka je ka faɗa."

Na je. Shugaban sandika ya ce Allah ya kyauta, zai sanar. Direbobin da ke wurin suka gyaɗa kai, mota ta cika, kowa ya tashi. Ba wanda ya kira Seyni. Da shuka ta zo ya kwashe iyalinsa ya koma Bengu, ban sake jin ya riƙe sitiyari ba.

Ku da kuke koyon aikin nan, mota ana auna ta ne yadda take aiki, ba yadda take hutawa ba. In direba ya ce yana jin wani abu, ku hau ku ji. In kuma aka kira ku shaida, ku faɗi duk abin da kuka sani tun a zaman farko. A tasha maganar makaniki ta farko tana raba mutum da abincinsa kafin azahar. Ta biyu, ko gaskiya ce, ba mai tsayawa ya ji.