Takardar da Muka Fara Daga Dama

Ranar wata Talata ce, saura kwana goma sha ɗaya Babbar Sallah, ina aji biyar na firamare, na tsaya a ɗakin gashin ƙashi na asibiti riƙe da wata takarda da ta yi laushi saboda ninki. Baba yana zaune a benci, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Likitar, wata gajeriyar mata mai tabarau, ta auna cinyarsa ta hagu da tef irin na tela, ta duba littafinta, ta sake aunawa. Sati bakwai ana motsa ƙafar nan safe da yamma, amma ko kaurin yatsa ba ta ƙara ba. Ta ce in nuna mata yadda muke yi a gida. Ni kuwa da rawar kaina na shimfiɗa takardar, na ɗora yatsa a kan hoton da muke farawa da shi. Sai na ga matar ta cire tabarau ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Daga nan kuke farawa?"

Baba dillalin shanu ne a kara. Wani bijimi ne ya matse shi da jikin mota wajen lodi, cinya ta karye. Ƙashi ya haɗe bayan watanni, amma ƙafar ta rame kamar karan dawa, ba ta ɗaukarsa daga ɗaki zuwa zaure sai da sanda. Ranar da aka sallame shi, likitar ta zana masa mutum-mutumi guda shida da biro, a jere a layi ɗaya, ba lamba ko ɗaya. Inna ce ta raka shi, an yi mata bayani, amma hankalinta yana kan yadda za su sami abin hawa zuwa Unguwar Rogo. Da suka iso ta miƙa mini takardar, tunda ni ce 'yar bokon gidan. A lokacin shigowata ke nan daga makarantar allo, ko tawadar hannuna ba ta bushe ba. Wallahi ban yi tunanin komai ba, na ɗora yatsa a hoton ƙarshen dama, yadda nake fara allona. Baba ya leƙo ya ce, "Madalla, Musulmi da dama shika farawa." Shi ke nan magana ta ƙare.

Gidan namu ya koma wurin atisaye. Inna ta ɗinka jakunkunan yashi da tsohon zanenta, aka cika jarka da ruwa, aka kife turmi a gindin darbejiya. Kullum in na share tsakar gida na ba tumaki dusa, sai in tsaya a kansa ina ƙirga. Mu fara da juya idon sawu, sai ɗage a kan yatsun ƙafa, sai miƙe gwiwa da jakar yashi, sai ɗaga ƙafar gaba ɗaya yana kwance a tabarma. Kafin mu kai biyun ƙarshe, wato hawa dakali da tashi daga kan turmi rungume da jarka, gumi ya gama jiƙe masa riga, ƙafar tana karkarwa. Goma aka ce ya yi. Bai taɓa wuce uku ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, ni kuma na ɗauki sarautar da gaske. Ba irin faɗan da ban yi masa ba. Ina ce masa raggo, ina cewa mai kama ƙahon bijimi ne jarka ta gagara? Yakan yi dariya. Wata rana ya yunƙura na uku ya koma daɓas, jarka ta faɗi, ruwa ya malale har ƙofar kicin, kuma bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce da Inna, "Ƙahwagga ta mutu. In likita ta auna ba ta ga canji ba, in bar ma Sani wurina a kara, in zamna gida." Sani ƙanensa ne. Mutumin da ya shekara talatin cikin shanu, ga shi yana shirin zaman zaure yana jan carbi tun bai kai hamsin ba. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

To, wannan shi ne abin da muka je asibiti da shi a zuciya. Likitar ta juya takardar ta nuna ƙarshen hagu. Ashe daga turmi da dakali ake farawa, ƙananan su biyo baya. Ta ce ƙarfin jiki kamar miya ne, wanda aka fara zuba wa shi ke samun nama. Cinya ce take buƙatar naman, mu kuwa kullum sai mu rabar da shi ga idon sawu da yatsu, mu kawo mata ragowar romo. Kaina ya yi dum. Sati bakwai! Ashe mutumin nan ba ragwanci yake ba, ni ce nake gajiyar da shi da hannuna, sannan in tsaya ina yi masa gori. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, amma aka riga ni. Likitar ta tambaya cikin fushi, wa ya ce a fara daga nan? Baba bai ko kalle ni ba. "Ni ne, likita. Karatun allo gare ni, yarinya umurnina ta bi."

Washegari muka fara da turmi. Ya tashi sau shida. Na tsaya baki buɗe, na manta ƙirga, Inna ta saki muciya ta fito tana salati. Kasuwar Sallar wannan shekarar ta wuce shi, abin da bai taɓa faruwa ba, kuma na ga yadda ya zauna a zaure yana jin kukan raguna ana wucewa da su. Amma kafin damina ta ƙare ya taka da ƙafarsa zuwa kara, yana ɗan ɗingishi, ba sanda. Wurinsa bai bar wa kowa ba sai bayan shekara goma sha shida.

Yanzu kusa da gidana a Minanata akwai wurin ɗaga ƙarfe, samari kowa da waya a hannu tana nuna masa abin da zai fara da abin da zai ƙare da shi. Ɗana yana zuwa can, ba ya buƙatar kowa ya tsaya a kansa ya ƙirga. Ina jin daɗin hakan, amma wani lokaci nakan so a ce da wanda zan sake yi wa faɗa da safe. Labarin nan Baba ya sha ba abokansa suna dariya, kullum a kansa yake ɗora wautar. Har ya koma ga Allah bai taɓa cewa ni ce ba.