Shekara Ashirin da Shida a Kan Tambaya Ɗaya

Duk wanda ya yi makarantar lise a Gure ya san malamin lissafi, Mushe Sahabi Ibrahima, da sammako. Kafin mai gadi ya gama shara ya iso, ya jingine kekensa a gindin aduwa, ya goge allo da kansa don bai yarda da gugar kowa ba. In an tashi da azahar ba ya bin abokan aiki wajen shayi. Gida yake wucewa, ya ci abin da matarsa Nene ta ajiye masa, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya duƙufa kan littafin rubutunsa har la'asar. Haka ya yi shekara ashirin da shida. Bana idanunsa suka ƙi, ya ajiye alli. Ko taron ban kwana ban ga an yi masa ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Abin da ke cikin littafin nan ya girmi karatun lise. A jami'a ya fara shi, a Yamai, sai aka turo shi koyarwa kafin ya gama. Ya yi ta rubuta takardar neman komawa, shiru kamar an shuka dusa. Ya haƙura da komawa, amma bai haƙura da tambayarsa ba.

Ya taɓa yi mini bayaninta da ƙwarya biyu da ya saya wajen Kellu, mai zanen ƙwarya a kasuwa. In Kellu ta kwafi zanen masaki ta ɗora kan ƙaramar ƙwarya, layuka sukan gajarta, amma inda biyu suka gitta juna kusurwar tana nan yadda take. In kuwa ka ce sai ka kwantar da zanen a kan faifai, dole wani wuri ya miƙe ko ya yage. To shi Mushe yana tambaya ne a kan wasu sarari masu lanƙwasa da ido ba ya gani, waɗanda ake aunawa da lambobi masu ɓangare biyu: yaushe ake iya ɗauke siffa daga wannan zuwa wancan ba tare da kusurwa ko tazara ta ɓaci ba? Na gyaɗa kai kamar na gane.

Kellu kam ba ta munafunci irin nawa. Ta ce masa, "Mushe, ƙwarya ta fi talatin ka saya wajena, ban taɓa jin an dama fura a ko ɗaya ba."

Ya ce, "Aiki suke yi, Ya Kellu."

Ta ce, "Allah ya ba Nene haƙuri."

Mushe, kai ne wanda ya hana a rufe ajin lissafi na ƙarshe shekarar da ɗalibansa suka rage biyu. Ka tsaya gaban benci biyu wata tara kana ɗaga murya kamar aji cike yake. Ɗaya daga cikinsu Balkisa ce, wadda yanzu take zurfafa lissafi a Yamai.

Bara lokotoron ido a Damagaram ya gaya masa gaskiya: ganin yana tafiya, kuma ba ya dawowa. Daga nan ya shiga tsere da idonsa. Rubutun ya yi ta girma har shafi guda ba ya ɗaukar fiye da layi biyar. Ya gama. Balkisa ta kwashi littattafan goma sha ɗaya ta kai wa malaminta. Bayan wata uku ba ta kira a waya ba, ta hau mota ta zo da kanta.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Mushe, malamina ya karanta duka. Ya ce babu kuskure ko ɗaya."

"To me ya sami muryarki, ƴata?"

"An riga an warware tambayar, Mushe. Wani ne a wata ƙasa mai nisa, shekara goma sha tara ke nan. An buga a mujalla."

Mujallar ba ta taɓa zuwa Gure ba, babu kuma wanda ya tuna akwai mai jiranta a nan. Mushe ya ɗago kai.

"Amsarsa da tawa ɗaya ce?"

"Ɗaya ce, Mushe."

"Alhamdu lillahi, ban ɓata ba ke nan. Shi ta wace hanya ya bi?"

Ni dai na ji ciwon abin nan har yau. Da wasiƙa ɗaya ta iso shi a kan lokaci, da ya kashe ganinsa a kan wata tambayar da za ta ɗauki sunansa. Ba zan ce komai ya yi daidai ba, don bai yi ba.

Mun gode, Mushe Sahabi, mai aiki ko babu mai dubawa. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka zuciya. Ku kuma matasan malamai da ake turowa gabas kuna ƙirga ranar komawa, ku dubi wannan bawan Allah ku riƙe aikinku yadda ya riƙe nasa.

Saura ku da kuka ci jarrabawar bak a hannunsa, ga aiki yana jiranku. Balkisa ta kawo masa takardar mutumin nan da ya riga shi, shafi arba'in da Ingilishi. Ta karanta masa takwas tana fassarawa, hutunta ya ƙare, ta koma. Kullum bayan azahar yana zaune a zaure da takardar a cinyarsa, yana so ya ji sauran kafin ya manta farkon. Ya sa tsinken tsintsiya a shafi na tara.