Taliyar Japan a Gaban Surukina

Shekarun baya, lokacin ina aikin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci a Riyadh, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. A lokacin shekarata huɗu a Saudiyya, uku da yin aure, amma in aka haɗa kwanakin da na yi da matata a gida ɗaya ba su kai wata biyar ba. Ita tana Gusau da 'yarmu, ni ina wani ɗan ɗaki a unguwar Shumaisi, sai dai hira ta waya. Kamfaninmu ya yarda in kawo iyali, takardu sun kammala, abu ɗaya ya rage, wato amincewar mahaifinta. Shi kuwa ya kafe. Cewa yake ba zai tura 'yarsa ƙasar da ba ta da kowa ba, wurin mutumin da bai san abin da zaman waje ya mayar da shi ba.

Surukin nawa ɗan kasuwa ne, darduma da turare yake sayarwa. Kwatsam sai sarin kaya ya kawo shi Riyadh na kwana biyar. Matata ta kira ni ta ce, "Baba ya ce zai gan ka. Don Allah ka nutsu, ban da rawar kai." Ta san mijinta.

Da ina da hankali, da gidan shinkafa da nama na kai shi, a shimfiɗa masa leda, in koma bakin ƙofa in jira. Amma ni so nake ya ga 'yarsa ta auri wayayye. Na nemi shawarar abokina, wani mutumin Maraɗi da yake tuƙa wasu Japanawa a unguwar da nake aiki. Ya ce, "Akwai inda nake kai maigidana. Taliya ce cikin romo, ramen suke ce mata. Laushi gare ta, tsoho ba ya buƙatar haƙori." Ban taɓa ko bi ta ƙofar wurin ba, amma da ni da abokin nawa muka je ɗauko Baba a masaukinsa, bakina ya riga hankalina. Na ce masa, "Baba, yau zan kai ku inda na saba cin abinci."

Mun isa ana kiran Azahar, ana jan ƙyauren wurin, don a wancan zamanin kowane shago rufewa yake in lokacin salla ya yi. Muka yi salla a masallacin da ke kusa muka dawo. Ƙofa biyu ce, ɗaya ta masu iyali, ɗaya ta maza zalla. Baba ya nufi ta farkon, abokina ya tare shi cikin ladabi ya ce, "Alhaji, tamu ce waccan, ta gwagware." Dattijo mai 'ya'ya goma sha ɗaya ya tsaya ya dubi ƙofar, ya dube ni, ya ce, "To, Allah Ya kyauta." Na so in ce masa shekara huɗu ke nan ta nan nake shiga ko'ina, na dai haɗiye maganar.

Da muka shiga ne gabana ya faɗi. Wurin ƙarami ne, tebura kaɗan, kuma duk sun cika. Abin da ya rage sai wani dogon kanta da kujeru a jere, suna fuskantar tukwanen da ake girkin. Babu labule, babu lungu, babu inda mutum zai ɓuya. Aka zaunar da mu, abokina a dama, Baba a tsakiya, ni a hagunsa, kafaɗata na gogar babbar rigarsa. Kafin in buɗe baki abokina ya ɗaga yatsu uku ya ce a kawo kwano uku.

A nan na tuna abin da rawar kai ya mantar da ni. A wajenmu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Tun da na auri 'yarsa, ko ruwa ban taɓa sha yana kallona ba. In na je gidansa, zaure ake kai mini nawa, shi yana can ciki. Yau ga ni na kawo kaina da ƙafata inda za a dire mini kwano a gefen hannunsa. Ranar kuma ko karin kumallo ban yi ba, saboda zumuɗi.

Aka kawo kwanukan suna tururi. Romo ne mai kauri, da taliya, da yankan kaza, da albasa mai lawashi, da rabin ƙwai, da wani baƙin abu kamar takarda a jingine a gefe. Baba ya leƙa ya ce, "Wannan ƙwan bai nuna ba. Wannan kuma mene ne, ledar suka manta?" Abokina ya ce ganye ne da ake cirowa daga teku. Baba ya tambayi naman da aka yi romon da shi, aka tabbatar masa kaza ce yankan Musulmi, sannan ya yi bisimilla. Aka miƙa masa tsinkayen nan guda biyu da Japanawa suke cin abinci da su. Ya kalli yadda abokina ya riƙe nasa, sau ɗaya tak, ya ɗauko taliya kamar da su aka yaye shi. Ashe a ƙuruciyarsa ɗinkin hula ya yi, yatsun ba su manta ba.

Ni kuwa na ɗora hannuwa a cinya na zuba wa bango ido. Ƙamshi yana shiga hancina, cikina yana ƙugi, ina ta gyaran murya don kada a ji. Abokina ya leƙo ta bayan Baba ya ce, "Kai, ci mana." Na harare shi. Sai a lokacin ya gane, ya toshe baki yana dariya ƙasa-ƙasa.

Mai girkin wani dattijon Bajapane ne, ya ɗaure goshi da farin ƙyalle. Tun ɗazu yake satar kallon kwanona. Can ya kasa haƙuri, ya ajiye ludayi ya matso, ya ce da irin Larabcin nan na 'yan ci-rani, "Sadik, lesh mafi akil?" Wato aboki, me ya hana ka ci? Na ce, "Mafi mushkila, ba matsala." Ya girgiza kai ya ce akwai matsala babba. Tun jiya romon nan yake kan wuta, in ji shi, taliyar kuma minti kaɗan take da shi, in ta jiƙa ta kumbura ta tashi daga aiki. Ya ɗauke kwanon nawa, ya zuba wani sabo ya dire mini, ya harɗe hannu yana jira. Mutanen teburan baya duk suka juyo.

In na ci, Baba zai ce ga shi nan, zaman waje ya cire mini kunya. In na ƙi, na wulaƙanta bawan Allah a gaban jama'a, kuma ƙaryar da na yi ta fito, don wanda ya saba zuwa wuri ba a tambayarsa haka. Abokina ya shiga yi wa mai girkin bayani, rabi Larabci rabi Turanci, cewa wannan uban matarsa ne, kuma a garinsu ba a ci a gaban uban mata. Mai girkin ya gyaɗa kai. Sai ya juya ya rusuna wa Baba sosai, sannan ya nuna kwanon da hannu biyu, alamar ya ji ya kuma girmama, amma taliya fa ba ta san suruki ba.

Baba ya ajiye tsinkayensa. Ya ce, "Wai nan ne inda ka saba cin abinci?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a yi haƙuri, yau na fara zuwa." Ya ce, "Ai na sani tun a ƙofa, da na ga kana tura ƙyauren da ake ja." Daga nan ya ɗauki kwanonsa, ya juya kujerarsa ya fuskanci abokina, ya ba ni baya. "Ni dai ban ga kowa ba," in ji shi. "Kai ma juya ka ci, kada ka ɓata wa mutum sana'arsa."

Haka muka zauna baya da baya, kowa da kwanonsa a hannu. Tsinkayen suka gagare ni, taliya sai zillewa take tana fantsama mini romo a riga, dole aka kawo mini cokali mai yatsu. Ina ta lallaɓawa don kada a ji motsin bakina, mai girkin ya sake matsowa ya nuna mini cewa ba haka ake yi ba. Zuƙa ake yi da ƙarfi, a ji ƙara, shi ne shaidar abinci ya yi daɗi. Na ce a raina wannan kam ko za a yanka ni. Ban rufe tunanin ba sai na ji wata irin zuƙa daga bayana, doguwa, mai ƙarfi, har mutanen teburin baya suka tafa. Surukina ne, mutumin da ko tari a hankali yake yi. Dariya ta ƙwace mini, na ji bayansa yana girgiza a jikin nawa, shi ma ita yake yi. Muka shanye romon tas, mai girkin yana ta rusunawa.

Muka shiga mota, ina tuƙi, har muka kusa masaukin Baba. Sannan ya ce, yana kallon titi, "Na zo ne in ga ko ƙasar nan ta canza ka. Ƙaryar burga dai ka ƙaro, wannan ka rage ta. Amma na ji cikinka yana kuka tun a masallaci, ka zauna da yunwarka saboda ni." Ya ƙara da cewa, "Waccan ɗaya ƙofar, ta masu iyali, in yarinyar ta iso sai ka kai ta. Ka ce su dafa mata ƙwan ya nuna."

Na shiga yi masa godiya, idona ya cika da ƙwalla, har na wuce kwanar masaukin sai da abokina ya taɓa ni.

Bayan wata biyu matata da 'yarmu suka sauka Riyadh, muka kama gida a unguwar Badi'a. Na kai ta wurin, ta ƙofar masu iyali, ina tafiya ina buɗa kafaɗa. Ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa.

Na shirya burga iri-iri don in ci zuciyar dattijon nan, ba wadda ta yi aiki. Abin da ya gani ya yarda da ni shi ne wanda ban shirya ba, wanda iyayena suka saka mini tun ban san za a je Saudiyya ba. Yanzu mun dawo gida, Baba ya tsufa sosai. Har yau ban taɓa cin abinci muna fuskantar juna ba, amma an daina kai mini nawa zaure. In na je gaishe shi, sai ya ce a kawo mana taliya da romo, ya ja kujerarsa ya juya ta, ya ce, "To bisimilla, ni dai ban ga kowa ba."